Tumatirin Baban Biyu

Ranar da motar yashi ta bankaɗe Baban Biyu daga kan babur ɗinsa, matarsa tana shago tana fama da wuyan wata riga da ya ƙi zama. Ko zaren da ke bakinta ba ta tofar ba ta fita da gudu, takalmi ɗaya nata, ɗaya na maƙwabciyarta mai sayar da maɓallai. Ta same shi a asibiti an naɗe masa ƙafar dama tun daga idon sawu har cinya, an rataye ta da igiya a ƙarshen gado. Likita ya ce karaya biyu ce, sati shida ba zai taka ƙasa ba.

Mutum ne da bai iya zama ba. Shekara goma sha huɗu yana aiki a wani kamfanin gyaran bututun ruwa, kullum hannunsa da tsatsa, kullum akwai inda ake jiransa. Shi ya sa da Uwar Biyu ta ga yana ta mutsu-mutsu a gado, yana duba agogon bango, yana tambayar ko hadari ya haɗu a waje, sai ta ɗauka zaman ne ya ishe shi. Mahaifiyarsa, Inna, wadda ta kafa kujera a gefen gadon tun ranar farko, ta ce haka yake tun yana jariri, ko goya shi aka yi sai ana tafiya yake shiru.

A rana ta uku, da Inna ta fita neman ruwan zafi, sai ya cafke wuyan hannun matarsa.

"Zan roƙe ki abu ɗaya, amma don Allah kada ki yi mini tambaya."

"Da ka fara da haka ai ka riga ka jawo tambayar."

"Akwai 'yar shukar da na yi a bakin kogi. Yau kwana huɗu ba ta ga ruwa ba, ga ranar nan da ake zabgawa."

Ya yi ƙasa da murya ya kwatanta mata. Ta sauka a gadar ƙarfe, ta bi babban bututun ruwa ta hannun hagu har ta wuce tsohon gidan famfo, inda za ta ga wani kwalbati da ya rufta. A nan za ta sunkuya ta bi ta ƙarƙashin ƙaya. Akwai guntun kwano a ƙasa, idan ta ɗaga za ta ga kan famfo. Ta tafi da babban sifana mai jan hannu da ke akwatin aikinsa, don hannu kaɗai ba ya murɗa shi.

"Me ka shuka da sai an bi ta ƙarƙashin ƙaya?"

"Tumatir," in ji shi, idonsa a kan fankar silin da ba ta juyawa.

Washegari, bayan tagwayen mata sun tafi makaranta, ta bar wa mai maɓallai makullin shago ta hau motar haya. Sifanan yana cikin jakarta yana dukan ƙugunta duk inda ta taka. Daga gada gidaje suka ƙare, sai bututun nan baƙi mai kauri kamar ganga, yana tafe kan ƙafafun siminti, ita ma tana binsa. Ta wuce gidan famfon, tagoginsa duk an cire, ta ga kwalbatin. Ƙayar ta kama mata ɗankwali sau biyu, ta yage mata hannu, har ta fara tsara faɗan da za ta yi wa mutumin da ya rasa inda zai shuka tumatir sai gidan macizai.

Warin ne ya fara tarar ta kafin idonta ya gani. Ta san shi sarai. Shi ne warin da ke shigowa ta tagar bayan shagonta idan 'yan dako sun taru a lungun bayan kasuwa, wanda take tashi ta rufe taga dominsa. Ta miƙe tsaye a wani fili da bai fi tsakar gida biyu ba, ƙaya ta kewaye shi ta ko'ina, ga tsirrai layi-layi sun fi ta tsawo, ganyensu kamar yatsun hannu a buɗe, gefensu da haƙora irin na zarto.

"Wiwi," ta faɗa a fili, sannan ta toshe bakinta ta waiwaya, kamar ƙayar tana da kunne.

Ta tsuguna. Daga tsugunen ne ta lura da yadda aka gyara wurin. Babu ciyawa ko ɗaya. Kowane tsiro an kafa masa sanda an ɗaure shi a hankali, kuma abin ɗaurin ƙyallayen shagonta ne: shuɗi mai layi-layi na rigunan makarantar da ta yi wata uku tana ɗinkawa, da ragowar atamfar surukar mai maɓallai, da wani jan yadi da ta yi ta nema. Duk yamma yakan biyo shago ya kwashi guntaye ya ce zai goge hannu. Ita har tana ware masa masu laushi.

Ganyen sun langaɓe, wasu na ƙasa sun fara rawaya. Ta daɗe tana kallonsu. Ta zo da sifana, ga guntun kwanon a gefen ƙafarta, hannunta kuma bai jira ta gama shawara ba. Ta ɗaga, ta murɗa, ruwa ya bi wata siririyar roba yana gurgura cikin layukan. Tana tsaye tana jin kowane motsin tsuntsu kamar takun mutum. Da ƙasa ta jiƙe ta rufe, ta fito da rarrafe, ba ta daina sauri ba sai da ta ga kanta a kan gada.

Da yamma ta kai abinci asibiti. Ɗakin cike yake da masu dubiya, Inna kuma tana nan daram a kujerarta.

"Na je gonar," in ji Uwar Biyu tana zuba masa, ba ta kalle shi ba. "Na ga tumatir."

Cokali ya tsaya a hannunsa. "Ya sha ruwa?"

"Ya sha. Ashe haka tumatir yake tsawo ban sani ba."

"Tumatir?" Inna ta gyara zama. "Yaushe ɗana ya zama manomi ban ji ba? Kai, madalla. Idan ya nuna ki kawo mini, na kasuwa duk ruwa ne."

"Wannan irin, Inna, ba ya shiga miya."

"To a me ake sa shi?"

"Irin na kai wa kamfani ne," Baban Biyu ya yi wuf ya ce, ya shaƙe da shinkafa, sai da aka ba shi ruwa.

Sai da Inna ta zagaya gaida wata mara lafiya a ɗakin mata sannan suka samu sarari. Ya yi magana da sauri, yana kallon ƙofa. Bara ne aka tura shi duba wata ɓaraka a bututun, ya ga wurin, ya ga ba mai zuwa. Wani mutum da suke haɗuwa a wurin mai shayi ya ba shi irin, ya ce shi zai saye duk abin da ya fito. Shi kuwa Baban Biyu sau ɗaya kawai zai yi, ya buɗe shagon kansa.

"Shekara goma sha huɗu ina gyara wa mutane ruwa, ko sifanan da kika ɗauka ba nawa ba ne, duba jikinsa ki ga sunan kamfani."

"Shi ya sa ka ɗaure mini wiwi da rigar 'yan makaranta?"

"Sassauta murya."

"In an kama ka, me zan ce wa yaran nan? Babanku ya tafi kai tumatir?"

Abin da ya ce kawai shi ne saura sati uku a girbe, kuma ruwa duk bayan kwana biyu. Sannan ya ƙara, cikin wata murya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba, cewa tun da yake bai taɓa yin abin da ya yi kyau kamar wannan ba. Ta tattara kwanukan ta fita ko sallama babu.

Daga ranar, zama ya gagare ta ita ma. Ta wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, amma da ta kai hanci sai ta ji warin. Ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinke shi a baibai. Ta aza ruwa a wuta ta manta har tukunya ta ƙone. Tagwayen suka tambaye ta lissafin da aka ba su a makaranta, ta amsa musu da "ruwa," suka kwashe da dariya, ita kuwa ta daka musu tsawar da ba su yi laifinta ba.

Kwana biyu bayan haka, tana kan keken ɗinki, inuwa ta rufe ƙofar shago. Ta ɗago ta ga kakin 'yan sanda. Ƙafarta ta zame daga kan feda, allura ta karye.

"Sannu da aiki, tela," in ji 'yar sandar, wata doguwa mai fara'a, tana miƙo leda. "Wandon nan ne ya yi mini yawa a ƙugu. Ke lafiya kuwa? Kamar kin ga fatalwa."

"Maigidana ne a asibiti."

"Ayya, Allah ya ba shi lafiya."

Uwar Biyu ta tsuguna tana zagaya mata tef a ƙugu, fuskarta dab da ankwar da ke rataye a bel, jakar sifana kuma tana ƙarƙashin teburin yanka, taku ɗaya daga takalmin matar. Sau uku tana auna ƙugu ɗaya, sau uku lambar tana fita daga kanta.

Wanda ya zo bayan la'asar bai yi kama da kowa ba sai malamin ofis: farar riga mai guga, tabarau, biro a aljihu. Ya yi sallama da ladabi, ya tambayi mai jiki, ya zauna a bencin masu jira kamar an gayyace shi. Ya ce shi abokin Baban Biyu ne na wurin mai shayi.

"Na leƙa gona jiya na ga ƙasa da danshi, na ce lallai mutumina ya yi dacen mata."

"Malam, ban san ka ba, kuma babu ruwana da wannan magana."

Mai Tabarau ya yi murmushi. "Ruwanki kuwa har ya shiga ƙasa, Hajiya. Ni ba zan iya zarya a wurin ba, an san fuskata. Ke ci gaba kawai. Idan lokaci ya yi, ke za ki fito da shi a buhunan ƙyallenki, kaɗan-kaɗan. Wa zai tare tela da buhun ƙyalle?" Ya tashi, ya shafa wata rigar makaranta da ke rataye. "Irin ta tagwayenki ce, ko? Ina ganinsu da safe, sun yi wayo."

Bayan ya fita ta daɗe tana riƙe da almakashi ba ta yanka komai ba.

Ta yanke shawarar ba za ta koma ba. Rana ta ƙone shi, kowa ya huta. Kwana huɗu ta yi a kan haka, tana gaya wa mijinta ƙarya da "ya sha," amma kwanakin sun fi mata wata huɗu. Ta fara raka tagwayen har ƙofar makaranta, abin da ta daina tun suna aji ɗaya, ta koma ta ɗauko su. Idan rana ta take sai ta fito bakin shago ta ɗaga kai, ba ta san ko so take ta ƙara zafi ko ta sassauta ba. Idan shukar ta mutu, mutumin nan zai dawo, kuma ba da murmushi ba. Idan ta rayu, ita ce da buhu. Ga ƙyallayenta can suna kaɗawa a jikin sanduna, duk wanda ya gani ya san shuɗin nan, tela uku ne kawai suke ɗinka shi a unguwar.

Ranar Talata da safe ta tsinci kanta a motar haya.

Tun daga gada ta ga abin da babu shi a da: turaku masu jan fenti an kakkafa a gefen bututun, layi ɗaya, suna tafiya inda za ta. Ta bi su. A gaban gidan famfo ta tarar da mutum uku da hulunan kwano. Biyu maza suna jan igiyar awo can nesa, ɗayar kuwa mace ce mai kimanin shekarunta, tana leƙa wata na'ura mai ƙafa uku. Ba halin juyawa, an riga an gan ta.

"Baiwar Allah, ina zuwa ta nan?" in ji matar mai awon.

"Hanya ce ta ɓace mini."

Matar ta kalli jakar, inda jan hannun sifana ya leƙo, ta kalli yagar ƙaya a hannun Uwar Biyu da ta fara warkewa. Ta cire hularta ta share gumi.

"Sabon bututu za a shimfiɗa," ta ce, kamar mai hira da kanta. "Jibi Alhamis katafila za ta share tun daga gada har bayan kwalbatin can, har da ƙayar. Ni aikina turaku ne. Ban shiga ciki ba, ba kuma zan shiga ba, ba ni da wandon ba wa ƙaya. Sai dai hancina lafiyarsa ƙalau. Kuma masu katafila ba sa fita sai da 'yan sanda, saboda ɓarayin mai." Ta mayar da hular. "Gobe can gaba za mu yi aiki, ba kowa a nan. Hanyar gari tana bayanki, Yaya."

Uwar Biyu ta buɗe baki za ta yi godiya, ta ga godiyar ma amsa laifi ce, ta rufe. Ta juya.

Da yamma ta zauna a gefen gadonsa tana ɓare masa lemo. Maganar tana bakinta. Ta san idan ta faɗa, kafin ta kai gida ya aika wa Mai Tabarau, gobe kuma da sassafe tana cikin ƙaya da buhu, tana hawa motar haya da abin da warinsa ke tsallake taga. Ta kalli ƙafar da ke rataye, ta kalli fuskarsa da ta faɗa, ta kalli Inna tana gyangyaɗi da carbi a hannu.

"Yaya tumatir?" ya raɗa.

"Yana nan."

"Kan ya fara kauri? Ki duba na layin ƙarshe, su ne suka fi..."

"Sha lemonka."

Ranar Laraba ta tafi da ƙaramin almakashinta da jaka babba. Ba ta taɓa famfon ba. Ta fara daga layin farko tana yanke ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya tana cusawa a jaka. Ashe kowane tsiro ɗauri uku mijinta ya yi masa, wani huɗu, ƙulli mai kyau irin na mai haƙuri. Duk wanda ta kwance sai ya karkata ya jingina da na kusa, wasu suka kwanta ƙasa gaba ɗaya. Hannunta ya yi danƙo, warin ya cika mata kai har tana ganin jiri. Ta naɗe robar ruwan, ta ɗauki bokitin da ya ɓoye, ta tono wata tsohuwar rigar aikinsa mai tambarin kamfani daga ƙarƙashin ƙaya. Ta bi layukan sau biyu da rarrafe tana neman ko zare ɗaya. Abin da ya gagare ta shi ne kan famfon da ya haɗa a jikin babban bututu. Ta gwada da sifana, ta gwada da dutse, ko gezau. Ta mayar da kwanon ta tura masa ƙasa da ƙafa.

Robar da bokitin ta jefa su kogi daga ƙarƙashin gada. Ƙyallayen da rigar ta ƙone su a bayan shago cikin kaskon gawayin guga, mai maɓallai tana leƙowa tana tambayar ko tela ta fara gasa yadi ne.

Ta yi niyyar zama a shago ranar Alhamis, amma ƙarfe goma ya same ta a kan gada. Ba ita kaɗai ba ce. Labari ya riga ya bazu, masu babur da masu talla sun yi cincirindo a jikin ƙarfen gadar. Katafila tana tsaye can nesa a bakin ƙayar da ta buɗe, motar 'yan sanda biyu a gefe. Suna kallo aka tara shukar wuri ɗaya aka zuba mai aka cinna wuta. Hayaƙi mai kauri ya tashi, iska ta juyo da shi wajen gada.

"Jama'a ku matsa," wani mai babur ya ce, "in ba haka ba yau duk garin nan da dariya za a wuni."

Aka kwashe da dariya, wasu har da matsawa gaba suna buɗe hanci. Ita ta toshe nata da gefen mayafi. Da ta waiwaya sai ga Mai Tabarau a gefenta, yana goge gilashinsa da hankici.

"Kin san da wannan?" ya tambaya ba tare da ya dube ta ba.

"Da na sani ka gan ni a nan ina kallo?"

Ya mayar da tabarau, ya ƙare mata kallo. Ta tsayar da idonta a kan hayaƙin. Wani ɗan sanda ya fara hawowa gadar yana korar mutane, Mai Tabarau ya sulale cikin taron. Ba ta sake ganinsa ba, ko da yake ta yi wata biyu tana ganinsa a jikin duk mai farar riga.

Baban Biyu a bakin masu dubiyar gadon kusa ya ji labarin. Lokacin da ta iso ya juya fuska bango, ya ƙi abinci. Inna ta ce ƙafar ce ta motsa, ta je ta tayar wa ma'aikatan jinya da hankali.

Bayan kwana uku shugabansu na wurin aiki ya zo, wani dattijo mai furfura a gira, da ledar ayaba. Ya gaida Inna, ya roƙe ta ta ɗan ba su wuri. Uwar Biyu ta tashi za ta bi ta, ya ce ta zauna.

"An kira mu mu toshe wani haɗi da aka samu a jikin babban bututu," ya ce a hankali. "Ni na je da kaina. Na gaya musu aikin ɓarayin ruwa ne, sun rubuta haka. Amma ni na koya maka walda, na san hannunka kamar yadda na san fuskar 'ya'yana." Ya ajiye ayabar a kan loka. "Idan ka warke kada ka dawo. Za a ce ƙafar ce. Kayan aikin kuma a aiko mini."

Da dattijon ya fita, Baban Biyu ya ja zanen gado ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna girgiza. Ta zauna tana riƙe da ƙarfen gadon, ba ta taɓa shi ba.

Sai da aka sallame shi, ya dawo gida da sanduna biyu, sannan ta faɗa masa. Wata safiya ce, yara sun tafi, yana zaune a bakin ƙofa yana ta maimaita cewa da an sani ko da kwana ɗaya ne da an tsira da rabi.

"Na sani da kwana biyu," ta ce.

Ya ɗago.

Ta ba shi labarin mai awon, da almakashi, da kaskon guga. Ta gaya masa abin da abokinsa ya ce game da buhu, da yadda ya shafa rigar makaranta ya ambaci tagwaye. Wannan na ƙarshen bai sani ba, ta ga haka a fuskarsa, amma bai hana shi cewa ba:

"Wata biyar, Uwar Biyu. Wata biyar ina jan ciki cikin ƙaya. Kina zaune kina ɓare mini lemo kina kallona."

"Ina kallonka."

"Ko shawara ba ki yi da ni ba."

"Kai ka yi da ni?"

Ya dogara sandunansa ya shige ɗaki. Kwana tara ba ya mata magana sai ta bakin yara. Inna, da ta ɗauka rasa aikin ne ya haɗa su, tana zuwa kullum tana yi musu nasiha a kan haƙuri, kowannensu yana cewa "to, Inna."

A rana ta goma ya fito da wandonsa na fita a hannu, ya ce ya ƙi shiga ta kan filastar, kuma yana so ya je ganin wani mai haƙa rijiyar burtsatse da aka ce yana neman mai haɗa bututu. Ta karɓa ta farke gefen ƙafar dama har gwiwa, ta sa masa maɓallai huɗu. Tana tsugune tana ɓalla masa su sai ya yi magana daga sama.

"Ranar da kika je ta ƙarshe, na layin ƙarshen nan, sun yi kai?"

Ta so ta ce ba ta duba ba. Amma ta duba.

"Sun yi. Har sun rinjayi sandunan."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Sannan ya ce ta kira masa mai babur, amma wanda ba ya gudu.

Mai rijiyar bai ɗauke shi ba a lokacin, ya ce sai ya ajiye sanda. Ya ajiye bayan wata biyu, aka ɗauke shi, albashin bai kai na da ba. Ƙafar ta warke amma ta gajarta da kamar faɗin yatsa, don haka duk wandon da ya saya sai ya bi ta shagonta an rage ƙafa ɗaya kafin ya sa.